Awa Biyu da Minti Goma

Gali yana narka dalma a zauren gidansu na Dukawuya, wanda ya mayar shagon gyaran batirin kwamfuta, sai Abdulhakeem ya yi sallama ya shigo riƙe da wani abu naɗe a ɗankwali. Ko zama bai yi ba. Ya ajiye ƙunshin a kan tebur ya kwance, sai ga baƙin batir mai faɗin tafin hannu.

"Na Inna ne," in ji shi. "Na injin numfashinta."

Gali ya ajiye ƙarfen hannunsa. Duk Kano mutum ɗaya yake kira Inna bayan mahaifiyarsa, ita ce Nana Hauwa ta Shahuci, uwar Abdulhakeem. Shekara talatin ta yi tana toya waina a kan murhun itace, hayaƙi yana shiga ƙirjinta a hankali har ya cinye shi. Yanzu da wani ɗan inji take numfashi, girmansa bai wuce jakar hannu ba, yana tace mata iska ta siririyar roba zuwa hanci. Na hannu ne aka turo musu shi daga waje, bai yi wata biyu ba batirinsa ya daina ɗaukar caji. Tun daga lokacin sai a jikin bango yake aiki, in an ɗauke wuta a ruga a tayar da janareto. Wata goma ke nan ba ta wuce tsawon wayar injin ba. Ita da bakinta take cewa an ɗaure ta a turke kamar akuyar layya.

"Ai kun ce an kai shi wajen masu gyara," in ji Gali.

"Wuri uku. Kowa ya ce ya mutu. Da ba mu damu ba, amma jiya aka yi waya daga Rugar Ɗantani. Goggo 'Yardada ce a kwance, jikin ya yi nauyi, kuma ba sunan da take kira sai na Inna."

'Yardada yayar Nana Hauwa ce, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Rugar tana can gaba da Gwarzo, ba wutar lantarki, kuma yanzu da damina ta yi nisa mota ba ta ƙetare rafin da ke gabanta, sai a amalanken shanu.

Abdulhakeem ya ci gaba da bayani. Yayansa Malam Musbahu, wanda shi ne babba a gidan, ya zauna ya yi lissafi da biro. Mota awa ɗaya da kwata, amalanke minti ashirin, haka kuma a dawowa. Takardar injin ta ce batirin yana riƙe awa huɗu. In har zai yi awa huɗun, to za a je, su gana na minti hamsin a juyo. In ba zai yi ba, Inna ba ta fita daga ɗaki, don likita ya ce kada ta wuce 'yan mintuna ba inji.

"Ya ce sai ya ga huɗun da idonsa a fuskar injin," in ji Abdulhakeem. "Ka san Yaya Musbahu. Ko ruwan alwala sai ya auna."

"Bar shi a nan," in ji Gali.

Da Abdulhakeem ya fita, Gali ya daɗe yana juya batirin a hannu. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya taɓa sace rediyon Nana Hauwa daga kan taga, ya kwance shi don ya ga mutanen da ke magana a ciki, ya kasa mayarwa. Mahaifinsa ya ɗauko bulala. Ita ce ta taso daga gaban tanda, hannunta duk mai, ta tsaya a tsakani. Ta ce rediyon nata ne ko na Malam? A bar yaro ya buɗe, wanda bai ɓata ba bai san gyara ba. Ta ba shi gawar rediyon, daga baya kuma ta aiko masa da ƙarfen narka dalma na farko da ya taɓa riƙewa. Makaranta ta gagare shi a aji uku na sakandare. Duk abin da ya sani ya koya ne daga gawarwakin na'urori da takardun masu ƙera su, yana bin Turancin da ƙamus a gefe. Amma in ya bi sawun abin har tushe, kullum a gaban tandar nan yake tsayawa.

Ya fasa murfin batirin a hankali. 'Ya'yan batir takwas ne a ciki, duk sun tsotse. Wannan ba matsala ba ce, canza su zai yi. Matsalar ita ce 'yar baƙar ƙwaƙwalwar da ke manne a gefensu, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Irin wannan batir ba kurma ba ne. Ƙwaƙwalwar tana lura da duk abin da ya shiga da wanda ya fita, tana gaya wa inji saura nawa. In ta ga 'ya'yan sun lalace sai ta kulle kanta, ko an sa sababbi ba za ta buɗe ba sai an yi mata magana. Injin kuma ba ya karɓar batirin da ba ya amsa masa.

Maganar ta wayoyi biyu ake yin ta, sirara kamar zaren ɗinki. Ɗaya tana buga lokaci, kamar makaɗi yana ba mawaƙi taki, ɗayar kuma ita ke ɗaukar zancen, ɗigo bayan ɗigo. Hanya ce mara gudu, don ba hoto ko waƙa ake aikawa ta cikinta ba, 'yan tambayoyi ne da 'yan amsoshi. Kowace ƙwaƙwalwa tana da lambar da ake kiranta da ita. A kira lambar, ta amsa, sannan a yi tambaya. Gali yana da wani ɗan allo da ke haɗa wayoyin nan da kwamfutarsa, da wata manhaja da ya rubuta da kansa shekara shida da suka wuce, wadda ta buɗe masa batura fiye da yadda zai iya tunawa.

Ya sayo 'ya'yan batir mafi kyau da ya samu a kasuwa. Ba sababbi ba ne, don na asali ba sa zuwa, amma ya gwada su ɗaya bayan ɗaya ya zaɓi takwas masu lafiya. Ya liƙa su, ya jona wayoyin biyu, ya kira lambar.

Shiru.

Ya sauya wayoyin, ko ya juya su ne. Shiru. Ya kira duk lambobin da ake iya kira, daga ta farko har ta ƙarshe, kamar mai bin layi yana sallama ƙofa ƙofa. A lambar da ya zata ɗin ce kaɗai manhajar take ɗan tsayawa, sannan ta rubuta cewa ba a amsa ba. Ya yini a kai, washegari ma haka. Ran kwana na uku da hantsi Abdulhakeem ya yi waya ya ce an sake kira daga ruga, Goggo ta daina cin abinci, sai ruwa.

Gali ya rufe zauren bayan azahar ya nufi Shahuci, da niyyar ya gaya musu cewa shi ma ya kasa. Duk hanya yana shirya yadda zai faɗa.

Ya same ta a zaune a kan katifa, ta jingina da bango, robar a hancinta, injin yana ɗan huci a gefenta. Ta rame ƙwarai, amma idon nan nata mai neman tsokana yana nan. Ita Bafulatana ce, shi kuma kakansa daga Barno ya zo, don haka tun yana yaro ba ta taɓa barinsa ya sha ruwa lafiya ba.

"Wa nake gani," ta ce, ta ja numfashi, "kamar bawana?"

"Ni ne ubangidanki, Inna. Ya jiki?"

"Jiki ya..." Ta tsaya.

"Ya yi sauƙi," Abdulhakeem ya ƙarasa mata daga bakin ƙofa.

Ta ɗaga yatsa ɗaya sama, ba ta ko dube shi ba. Ɗakin ya yi shiru sai hucin injin. Ƙirjinta ya hau ya sauka sau uku, yatsan yana nan a tsaye.

"...ya tsufa," ta ce. Ta sauke yatsan. "Ka ga yaran nan, Gali. Ba sa bari in kai ƙarshe. In na tsaya sai su ɗauka..." Yatsan ya sake tashi. Gali ya jira. "...na gama. Jiya na ce a kawo mini, na tsaya in huta, sai ga kunu. Ni kuwa carbi nake nema."

Abdulhakeem ya yi dariya yana sosa ƙeya. Gali bai yi ba. Yana kallon yatsan nan da ke hawa yana sauka, sai ya tuna wani shafi a takardar masu ƙera irin waɗannan ƙwaƙwalen, wanda ya taɓa karantawa ya wuce don bai taɓa buƙatarsa ba. An ce ƙwaƙwalwar da ba ta shirya amsa ba tana da ikon kama wayar lokaci ta danne ta, ma'ana a dakata mata. Baturan kwamfuta da ya saba da su masu hanzari ne, da ƙyar suke dannewa. Shi kuwa lokacin da ya rubuta manhajarsa bai koya mata jira ba. In ta kira ba ta ji amsa nan take ba, sai ta katse ta ce ba kowa.

Bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ya yi mata sallama, ta ce ya gaishe da sauran bayinta na Dukawuya.

A zaure ya ɗora mita a kan wayar lokaci, ya kira lambar. Allurar ta faɗi ƙasa ta ɗan tsaya a can kafin ta tashi. Kwana uku ƙwaƙwalwar tana ɗaga masa yatsa, shi kuma yana juya baya yana cewa ta mutu. Layi huɗu kawai ya ƙara a manhajar: in an danne, a tsaya har a saki. Ya rage mata gudu, ya sake kira.

Amsa ta zo. Sai da ya karanta sau biyu kafin ya yarda. Ta faɗi sunanta, da shekarar da aka ƙera ta, da cewa an cika ta an juye sau ɗari huɗu da goma sha biyu, da dalilin da ya sa ta kulle kanta. Gali ya jingina da bango ya ce alhamdulillahi a hankali, ya sake cewa. Ya aika mata lambar buɗewa da ke cikin takardar masu ƙera ta, ya yi sa'a ba a canza ta ba. Ya goge alamar kullen. Da ya jona caja, sai 'yar fitila ta kama ƙyaftawa.

Saura abu ɗaya. A cikin ƙwaƙwalwar akwai gurbin da aka rubuta yawan abin da batirin ke iya ɗauka, kuma da wannan lamba take lissafa wa inji saura minti nawa. Lambar da ke ciki ta ranar da aka ƙera shi ce, ta awa huɗu. Washegari da safe Gali ya cika batirin, ya jona masa kwan fitila mai cin wuta daidai da injin, ya ajiye agogo a gabansa. Ya ƙare a awa biyu da minti goma. Ya sake cikawa ya sake gwadawa bayan la'asar. Awa biyu da minti goma sha ɗaya.

Abdulhakeem ya iso ana cikin gwaji na biyu. Da ya ji batirin ya tashi, sai ya rungume Gali har hularsa ta faɗi. Da ya ji adadin, sai ya zauna a kan benci.

"To yanzu in aka sa shi a inji, nawa zai nuna?" ya tambaya can.

"Abin da na rubuta masa."

"In ka bar lambar da ke ciki fa?"

"Zai nuna huɗu. Ya yi ta saukowa a hankali kamar gaske, sai ya kai awa biyu da 'yan mintuna ya ɗauke gaba ɗaya, yana nuna saura kusan awa biyu."

"To ka bar ta."

Gali ya dube shi.

"Saurara mana, malam. Ni ai na san gaskiyar. Yaya Musbahu ne kawai ba zai sani ba. A mota in tana zaune lafiya sai in riƙa kashe injin ina kunnawa, mu yi tattali. Inna ta fi ƙarfin yadda likita yake tsammani. Goggo ba za ta kai mako ba, Gali. In ta tafi ba su gana ba, da wane ido zan kalli Inna?"

"In lissafinka ya kuskure fa? A tsakiyar ruga?"

"Allah yana nan."

"Yana nan."

Abdulhakeem ya miƙe, ransa ya fara ɓaci. "Yau kuma kai ne mai tsoron lamba? Baturan da 'yan kasuwa suke kawo maka buhu buhu, me kake yi musu? Ba wanka ba?"

Maganar ta sami wuri ta zauna. Wanka shi ne abin da masu sana'ar suke kira in an mayar da ƙidayar tsohon batir sifili, an rubuta masa shekarar bana, ya fito kamar bai taɓa aiki ba. Gali ya yi wa batura da yawa wanka. Ya daɗe da samar wa kansa fatawa: ba wanda ya taɓa mutuwa don kwamfutarsa ta ɗauke, kuma ba shi ke sayarwa ba, hannunsa kawai aka ara. Fatawar ba ta taɓa zama daidai a ransa ba, amma ta ishe shi ya yi barci.

"Na yi," ya ce. "Ka ba ni zuwa gobe da safe."

Bayan Abdulhakeem ya tafi, ya zauna yana juya abin ta kowace fuska, kamar yadda ya saba har matarsa take cewa zai iya yin shari'a da inuwarsa. Abdulhakeem ba mugunta yake nufi ba, tausayi ne. Ya taɓa ji a wajen karatu cewa akwai ƙaryar da aka yi rangwame a kanta, irin ta sulhunta mutane. To haɗa ya da ƙanwa kafin mutuwa ba ta kai sulhu ba? Kuma in ya rubuta gaskiya Malam Musbahu ya hana tafiya, 'Yardada ta rasu tana kiran suna, shi Gali ya tsira da tsabtar hannunsa, tsohuwa biyu kuma su biya. Wace irin gaskiya ce wannan, wadda mai ita ke cin riba wasu na ɗaukar nauyi?

Amma ta ɗaya gefen akwai abin da ya kasa tsallakewa. Mutum in ya yi ƙarya yana iya janye ta da ido, ko da taɓa hannu, in ya ga abin zai ɓaci. Ƙwaƙwalwar ba ta iya wannan. Abin da aka rubuta mata shi za ta faɗa wa kowa, har ranar da Abdulhakeem ba ya kusa, har wata shida nan gaba in an ɗauke wuta Inna ta duba ta ga saura awa biyu ta ce kada a wahalar da kowa da janareto. Kuma numfashin na Inna ne. Su uku suna ta yanke hukunci a kansa, shi da Abdulhakeem da Malam Musbahu, ba wanda ya jira ta ƙarasa magana.

Da safe ya kira lambar, ya jira ta saki wayar, ya rubuta mata awa biyu da minti goma. Ƙidayar ɗari huɗu da goma sha biyu ma ya bar mata abarta.

A ɗakin Nana Hauwa ya sa batirin a injin, ya zare wayar daga bango. Injin ya ci gaba da huci. Ta kalli wayar a ƙasa, ta kalli Gali. Malam Musbahu ya gyara tabarau ya sunkuya.

"Biyu da goma," ya karanta. "Ba huɗu ba."

"Iyakar abin da zai yi ke nan, Malam. Na gwada sau biyu."

Abdulhakeem ya juya fuskarsa ga bango.

"To ai magana ta ƙare," in ji Malam Musbahu, muryarsa ba daɗi. "Zuwa da dawowa kaɗai awa uku da minti goma ne. Inna, ki yi haƙuri, za mu..."

Yatsan ya tashi. Kowa ya tsaya. Wannan karon ba wanda ya ƙarasa mata.

"Gali," ta ce. "Ita mota... ba ta da wuta ne? Na ga tana kunna fitila... har da rediyo."

Gali ya dafe kai. Kwana biyar yana kallon batir, bai taɓa ɗaga kai ya kalli motar ba. A ƙarƙashin teburinsa akwai wata 'yar inbata, na'urar da ke mayar da wutar batirin mota irin ta bango. In aka jona ta a motar, muddin injin motar yana aiki, injin numfashi zai sha daga nan, har ya riƙe batirinsa a cike.

"Tana da ita, Inna," ya ce. "Ashe ni ne ba ni da ita."

Malam Musbahu ya zaro biro daga aljihu ya juya bayan wata takarda. Batir ba zai fara aiki ba sai a bakin rafi. Amalanke minti ashirin zuwa, ashirin dawowa. A ware minti goma sha biyar saboda tsaro. Ya ja layi, ya duba, ya sake dubawa.

"Awa ɗaya da kwata," ya ce. "Ya ma fi na farko."

Ran Asabar da sassafe suka fita ta Ƙofar Kabuga. Abdulhakeem ke tuƙi, Malam Musbahu a gefensa, Gali a baya kusa da ita yana riƙe da inbata a cinya kamar jariri. Duk hanya fuskarta tana jikin gilashi. Gero ya yi kai, dawa ta rufe gonaki, tana nuna su da yatsa tana faɗin wadda aka yi wa noma da kyau da wadda mai ita rago ne. A bakin rafi wani ɗan'uwansu yana jira da amalanke da shanu biyu, an shimfiɗa katifa a ciki. Gali ya zare wayar, ya duba agogonsa, ya duba fuskar injin. Biyu da goma.

Da suka isa, matan rugar suka kama ta suka shigar da ita ɗakin. Mazan suka zauna a ƙarƙashin wata ɗorawa, aka kawo musu nono. Daga inda yake Gali yana jin muryoyin biyu, ɗaya siririya ɗaya mai yankewa, suna Fulatancin da bai iya ba. Akwai dogayen shiru a tsakani, ba mai cike wa wata. Sau ɗaya ya ji dariya, ta rikiɗe tari, ta koma dariya.

Abdulhakeem ya matso kusa da shi. Ya daɗe yana wasa da ludayi kafin ya yi magana.

"Tun ɗazu nake lissafi. Da ka bi tawa, da ba wanda zai tuna da wutar mota. Da kamar yanzu zai ɗauke, tana ciki."

"Da ban je na gaishe ta ba, da har yanzu ina cewa ya mutu," in ji Gali. "Sha nononka."

Lokaci ya yi ta tafiya. Gali yana tunanin yadda zai tashi ya je ƙofar nan ya yi sallama ya raba su, abin ya fi masa buɗe batirin wuya. Saura minti uku ya miƙe, sai labulen ya motsa. Ta fito da kanta, mata biyu suna riƙe da ita, idanunta jajaye, fuskarta kuwa a sake kamar wadda ta sauke kaya.

"Na ga lambar," ta ce. "Na gaya wa Adda 'Yardada... abin nan ba ya ƙarya. Ta ce to in tashi."

Suka hau amalanke, suka shiga ruwan rafin. Shanun suna tafiya a hankali, ruwa yana bugun ƙafafun amalanken. Sai ta ɗaga yatsa, ko da yake ba wanda ke magana.

"Gali."

"Na'am, Inna."

"Na yafe maka... rediyona."

"Ai na ɗauka kin yafe tun shekara talatin."

"Wa ya ce? Babarbare... ake yafe wa da wuri?"

Malam Musbahu ya yi dariya har tabaraunsa ya zame. Gali ya sunkuyar da kai. Yana so ya ce mata ita ce ta buɗe batirin, ita ce ta tuna da motar, ita ce ma ta sa masa ƙarfe a hannu tun farko, amma ya san za ta ce surutun bayi ne.

Da suka hau tudu, Abdulhakeem ya riga su ya tayar da mota. Kafin Gali ya jona wayar, ya duba fuskar injin: saura minti goma sha bakwai. Ya duba agogonsa ya yi lissafi. Goma sha bakwai ne. Ya jona, injin ya ci gaba da huci, ita kuma ta jingina kanta da kujera ta lumshe ido, leɓɓanta suna motsi a hankali.